Da safe yana tafiya garau, da yamma sai ya zube, babansa ya ce lalaci ne

Assalamu alaikum Anti, don Allah ki sakaya sunana. Ni uwa ce mai ƴaƴa huɗu a Argungu. Ɗana na biyu shekararsa 9, tun wurin haihuwa aka samu matsala, na yi doguwar naƙuda kuma da ya faɗo bai yi kuka da wuri ba. Bai taka ba sai da ya kusa shekara huɗu, a asibiti suka ce serebral palsi ne, wato rauni a ƙwaƙwalwa da ke shafar motsin jiki, kuma ƙafafun ne suka fi taɓuwa. Alhamdulillahi yanzu yana tafiya da kansa ba sanda, kuma kansa na ja a karatu. Damuwata ita ce da safe zai tafi boko lafiya lau, amma in ya dawo, musamman tafiya Islamiyya bayan la'asar, sai gwiwoyinsa su lanƙwashe yana jan yatsun ƙafa a ƙasa yana tuntuɓe yana faɗuwa, wani lokacin ya zauna bakin hanya yana kuka sai yayarsa ƴar shekara 12 ta goyo shi. Bana abin ya fi na bara. Babansa ya ce lalaci ne ni na sangarta shi, wai wanda ya iya buga ƙwallo a tsakar gida ai tafiya ba za ta gagare shi ba, har ya hana a goya shi. Na yi maganar keken guragu ya ce kada in kuskura, in yaro ya hau shi ba zai ƙara taka ƙasa ba. Surukata kuma ta ce tun da da marece abin ke tashi to iska ce, a kai shi wurin mai magani. Malaminsu na Islamiyya har ya taɓa dukansa kan makara. Yana shan maganin farfaɗiya kullum, ni kuma ga goyo. Anti ciwon ne ke ƙaruwa ko da gaske ni na ɓata shi? Mi zan yi?

Wa alaikumus salam ƴar'uwa, sannu da fama, Allah ya ba ki ladan haƙuri. Ki cire wa ranki wannan zargin tukuna, ba ke kika ɓata shi ba kuma yaron nan ba malalaci ba ne. Abin da kika zayyana tun daga lanƙwasar gwiwa har jan yatsu, sanannen abu ne a wurin masu gashin ƙashi da ke duba irin waɗannan yaran, gajiya ce, amma ba irin gajiyar da ni da ke muka sani ba.

Raunin da ya samu lokacin haihuwa a ƙwaƙwalwa yake, a wurin da ke aika wa tsoka umarni. Ni da ke in muka ɗaga ƙafa, tsokar da ke ja sai ta ja, wadda ke ɗaya gefen ta saki, ba ma sanin an yi. Shi kuwa sau da yawa duka biyun ke ɗaurewa lokaci guda, wannan na ja wannan na ja, sai ya yi kokawa da ƙafarsa kafin ta matsa gaba. Ga shi kuma taurin nan da kike ji in kin taɓa ƙafar ba ƙarfi ba ne, mutane da yawa nan suke ruɗewa, tsokar a ɗaure take amma rarrauna ce. Sannan hankalinsa ma aiki yake, yana lura da inda zai sa ƙafa da yadda zai tsare kansa kar ya karkace. Masu bincike sun auna iskar da yara masu wannan larurar ke shaƙa lokacin tafiya suka ga ƙarfin da suke ƙonawa kan kai ninki biyu, wani ma har uku, na sa'anninsu a tafiya iri ɗaya. Kamar dai a ba ƴaƴanki biyu kuɗin cefane daidai wa daida da safe, amma shi duk abin da ya taya a kasuwa sai a ninka masa farashi, to kafin la'asar aljihunsa ya bushe ɗan'uwansa kuwa da sauran canji.

In gajiyar ta zo kuma ba a fuska take fara nunawa ba, a tafiyar take nunawa. Tsokar sharaɓa da ta cinya da ta ɗuwawu su ne ke riƙe mutum a miƙe, in suka sare sai gwiwa ta fara durƙusawa, tafiya da lanƙwasasshiyar gwiwa kuwa ta fi cin ƙarfi nesa ba kusa ba, kin ga gajiya ta haifi lanƙwasa, lanƙwasa ta ƙaro gajiya. Ki gwada da kanki yau, ki ɗan durƙusa rabi ki zagaya tsakar gida sau uku a haka ki ji yadda cinyoyinki za su ɗau zafi. Tsokar gaban ƙwauri kuma ita ke ɗaga yatsu sama in za a jefa ƙafa, in ta gaji sai yatsun su riƙa sharar ƙasa, ƙaramin dutse ma ya isa ya kayar da shi. Ki ɗauko takalminsa ki duba gaban, ina kyautata zaton ya cinye ta wurin yatsu alhali dunduniyar na nan kamar sabuwa.

Maganar ƙwallo da maigida ya kafa hujja da ita, gaskiya ba wauta ya yi ba, duk wanda ya gani da ido haka zai yi tunani. Sai dai ƙwallon tsakar gida gudu ne na taku biyar a tsaya, a jingina da bango, a zauna a yi dariya a sake tashi, kuma a daɓe mai sauƙin tafiya. Hanyar Islamiyya kuwa tafiya ce ba tsayawa, cikin rairayi da ke shanye ƙafa, bayan ya riga ya je boko ya dawo, ga ranar Kabi wadda daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ga sauri don kar a makara ga tsoron bulala. Tsoro da sauri da ɓacin rai duk suna ƙara wa ƙafar mai wannan larurar tauri, shi ya sa tsawa ba ta taɓa gyara masa tafiya sai dai ta ƙara dagula ta.

Sai tambayarki ko ciwon ne ke ƙaruwa. Raunin da ke ƙwaƙwalwa ba ya yaɗuwa kuma ba ya ƙaruwa, yadda ya faru haka yake. Jikin ne ke canzawa. Yaro na girma, ƙashi na tsawo, tsokar da take a ɗaure ba ta iya bin ƙashin da sauri sai ta ƙara gajarta, ga nauyi na ƙaruwa a kan ƙafafun da ƙarfinsu bai ƙaru daidai da shi ba. Don haka in kika ce bana ya fi bara ban yi mamaki ba, kuma ki shirya don lokacin balaga da yara ke zabura da tsawo abin kan ƙara fitowa. Amma fa wannan ba dalilin zama a gida ba ne, dalilin komawa asibiti ne tun gwiwar ba ta ƙage a lanƙwashe ba. Akwai wani ma'auni mai hawa biyar da aka fitar a Kanada a 1997 wanda masu gashin ƙashi ke amfani da shi a ko'ina, hawa na ɗaya mai tafiya kusan ba cikas, na biyar wanda ko zama sai an tallafe shi. Daga bayaninki yaron naki ya yi kama da hawa na biyu, wato yana tafiya ba sanda amma doguwar tafiya da gargada na ba shi wahala, su dai za su tabbatar in sun gan shi. Abin da nake so ki riƙe shi ne a cikin bayanin wannan hawan kansa an rubuta cewa irin waɗannan yaran kan buƙaci abin hawa mai taya in tafiyar ta yi nisa. Kin ga ashe ba kansa farau ba.

Kafin a ɗora komai a kan larurar kuma, a duba abubuwan da ke sace wa kowane yaro ƙarfi a ƙasarmu. Ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro da ke yawan dawowa, tsutsar ciki, rashin isasshen barci, ciwo a gwiwa ko kwatangwalo da yaro ya saba da shi har ya daina faɗa, har da taurin bayan gida wanda ya yi yawa a irin waɗannan yaran. Me yake karyawa da shi kafin ya fita? In kokon ruwa ne kawai to bai isa mai irin aikinsa ba, a haɗa masa da ƙosai ko wake ko ƙwai ko gyaɗa, ku da Allah ya hore wa kifi a bakin gulbi kuma ai ba a magana. Sai maganin farfaɗiya, wasunsu irin su fenobabiton suna sa kasala da jin barci. Don girman Allah kar ki rage kar ki tsayar da kanki, tsayar da shi farat ɗaya kan jawo farfaɗiya mai tsanani, amma ki gaya wa likita ƙarara cewa yaro na fama da kasala, a sake auna nauyinsa a duba adadin da lokacin shan ko ma a canza masa wani.

Ga aikin da zan ba ki na sati biyu. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta lokacin da ya kwanta da lokacin da ya tashi, abin da ya ci, inda ya je, lokacin da tafiyar ta fara lalacewa, da sau nawa ya faɗi. Sannan ki ɗauke shi bidiyo a waya, da safe yana tafiya daga ƙofar ɗaki zuwa zaure, da yamma kuma a wannan wurin dai bayan ya dawo, ta gefe da ta gaba, wando a naɗe yadda za a ga gwiwa. Dalilina shi ne asibiti da safe ake zuwa, yaro ya huta ya zauna kan benci awa biyu yana jiran layi, likita ya ce taka mu gani ya taka tsaf, a ce miki ai lafiyarsa ƙalau ki dawo gida da takaici. Bidiyon yamma shi zai yi miki magana. Ku nufi sashen yara da na gashin ƙashi a asibitin tarayya na Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Danfodiyo a Sakkwato, ki roƙa a gwada jini, a ɗauki hoton ƙashin kwatangwalo don a wannan larurar kan ƙashin cinya kan zame daga gurbinsa a hankali ba tare da an lura ba, kuma ki tambaya ko takalmin roba mai riƙe idon sawu zai taimake shi. Ga yara da yawa yana rage jan yatsu da wahalar tafiya, amma sai an auna ƙafar yaron an yi masa nasa, ba na aro ba, kuma a canza in ya girma. Asibitin ƙashi na Dala a Kano suna da sashen da ke ƙera su in ba a samu a kusa ba.

Kafin nan a gida ma akwai abin yi, kuma ba kuɗi mai yawa yake ci ba. In ya dawo boko ya ci abinci ya sha ruwa ya kwanta kwanciya ta gaske ko da awa ɗaya, ba zama a tsugune ba. Cikin tafiye-tafiyensa huɗu na yini, zuwa da dawowa boko da zuwa da dawowa Islamiyya, a ɗauke masa ko da biyu da mashin, wanda ya fi muhimmanci shi ne dawowar boko cikin tsakar rana don ita ce ke cinye shi. In a ƙafa zai je to su fita da wuri ba gaggawa, ku zaɓa masa dakali biyu ko uku a hanya ya riƙa zama minti biyu tun kafin gwiwa ta fara rawa, hutun da aka yi kafin faɗuwa ya fi wanda aka yi bayanta amfani. Jaka kuma wani ya riƙe masa. Silifas ki raba shi da su a hanya, sai yatsu sun damƙe suke zama a ƙafa, kambas mai igiya mara nauyi ya fi. In da wata Islamiyyar mafi kusa, ko ajin safiyar Asabar da Lahadi, ko wani ɗalibi babba da zai riƙa biya masa a gida wasu ranakun, duk karatu ne, ba a rubuta cewa sai wannan makarantar ba.

Yanzu maigida. Ni dai da na karanta wasiƙarki ban ga mugun uba ba, tsoro na gani. Yana kallon masu keken guragu a bakin kasuwa da ƙofar masallaci yana cewa ɗansa ba zai ƙare a nan ba, kuma ya sha wahalar jiran shekara huɗu kafin ya ga ɗan nan a tsaye, ba zai so abin da zai mayar da shi ƙasa ba. Yana da gaskiya rabi, tsokar da ba a aiki da ita lalacewa take, yaron yana buƙatar tafiya kullum da motsa jiki, har ma an tabbatar atisayen ƙara ƙarfi ba ya ƙara taurin ƙafa kamar yadda ake tsoro a da. Inda ya kauce shi ne tafiyar da aka yi a gajiye ana jan ƙafa ba ta gina komai, gwiwa take ci, kuma manya da yawa masu wannan larurar da suka yi ta tilasta wa kansu a haka ciwon gaɓɓai da gajiya ne suka rage musu tafiya tun ba su tsufa ba. To kar ki tare shi da wannan a gaban yara ko lokacin da abin ya faru rai a ɓace. Ki bari sai dare ya ci ya natsu, ki nuna masa bidiyon biyu a jere ki yi shiru ya kalla da kansa, sannan ki roƙe shi ya raka ku asibiti ya yi wa mai gashin ƙashi tambayar keken da bakinsa. Maza da yawa maganar da suka ƙi ji a ɗaki sukan karɓe ta a ofishin likita, haka abin yake ko mun so ko mun ƙi. Kuma ki ba shi aiki a ciki, shi zai riƙa ɗauko shi a mashin ko ya yi jinga da ɗan kabu-kabun da ya yarda da shi, shi zai riƙa sa shi atisayen da aka koya muku da safe, irin tashi da zama daga kujera da hawa ƴar matattakala, ya riƙa ƙirga masa. Uban da ke ƙirga wa ɗansa atisaye da wuya ya ƙara ce masa malalaci.

Keken guragu kuwa ni a ganina kar ki fara da shi, ba don yana da laifi ba, yaron da ya iya tafiya ba ya mantawa don ya hau keke zuwa wuri mai nisa, a gida da aji da filin wasa da ƙafarsa zai ci gaba. Sai dai tun da shi ne abin da ya tsaya wa babansa a rai, kuma mashin zai iya toshe wannan giɓin a yanzu, me zai sa a yi rigima a kansa? Akwai ma keke mai taya uku da ake tuƙawa da ƙafa, yara na sonsa kuma ba wanda zai kalle shi da tausayi, akwai kuma abin dogarawa mai taya da ake ja ta baya wanda ke sa yaro ya miƙe ƙirji. Ki bar masu gashin ƙashi su faɗi wanda ya dace da shi.

Ita Inna surukarki ki bi ta a hankali, ƙaunar jikanta ce ta sa take nema masa mafita da abin da ta sani. Littafin nan naki zai taimaka, ki nuna mata yadda yake ranar da ba boko ba Islamiyya, ko lokacin hutu, in ya wuni a gida ya huta marecen nan dai zai zo amma tafiyarsa ba ta lalacewa haka, to wace irin iska ce wannan mai bin jadawalin makaranta? Ki faɗa cikin raha ba gatse ba. Addu'a da tofi ki ce mata ta ƙara ma, kowa na buƙata. Abin da za ki tsaya a kansa da ladabi shi ne ba tsaga, ba ƙona fata da sunan gashi, ba jan ƙafa da ƙarfi don a miƙar, ba jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba ga yaron da ke kan maganin farfaɗiya, kuma duk wanda ya ce a ajiye maganin asibiti a gwada nasa to an gama magana da shi. In kin ga ba za ki iya faɗa mata ba, ɗanta ya faɗa.

Malam kuma babansa ya kamata ya je ya same shi, ba da faɗa ba, mai yiwuwa bai san komai ba illa yaro na makara. A yi masa bayani, a roƙi a ɗauke masa duka gaba ɗaya, a yi masa uzurin ƴan mintuna, a bar shi ya zauna inda zai jingina bayansa. Malam ya fi mu sanin ayar da ke Suratun Nur da Suratul Fat'hi da ta ɗauke ƙunci ga mai larurar ƙafa, tuni kawai za a yi masa. A boko ma haka, a daina sa shi doguwar tsayuwar asambili a rana. Akwai dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya da shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ki san da ita, amma a irin wannan zumunci da fahimta sun fi saurin biyan buƙata.

Yayarsa na ba ni tausayi. Ƴar shekara 12 goye da ɗan shekara 9 a cikin yashi, bayanta zai yi ciwo, wata rana su faɗi tare, kuma ita ma tana makara saboda shi ba wanda ya tambaye ta yadda take ji. A nan hana goyon da babansu ya yi bai yi laifi ba, laifin shi ne hanawa ba tare da an kawo madadi ba. Ta riƙe masa jaka, ta zauna da shi a dakali, ki riƙa yaba mata a gaban mutane, ki kuma ba ta ranakun da za ta tafi da ƙawayenta ba ruwanta da kowa.

Shi kansa yaron ki zauna da shi ki tambaye shi, ya kai shekarun da zai gaya miki inda ke masa ciwo da daidai wurin da ƙafar ke fara nauyi a hanya. Ya sha jin kalmar malalaci, ina tsoron ya fara ɓoye gajiyarsa yana daurewa har sai ya zube don kar a ce. Ki koya masa ya riƙa cewa ƙafata ta fara nauyi tun da wuri, kuma duk lokacin da ya faɗa a saurare shi ba gori, in ba haka ba zai daina faɗa.

Sati biyun da na ce ki jira kina rubutu, akwai abubuwan da in kin gani ba za ki jira ba. In ya kwana ya huta amma da safe ma tafiyar ba ta dawo ba, ko ya daina iya abin da ya saba yi kamar tashi daga ƙasa ko riƙe cokali, ko yana kukan ciwon kwatangwalo da dare, ko ƙafa ɗaya ta fara kama da ta fi ɗaya gajarta, ko fitsari ya fara kufce masa alhali da ba ya yi, ko tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari yana haki, ko farfaɗiyar ta ƙaru, to washegari ku kama hanyar asibiti. Allah ya ƙara masa lafiya ya raya miki su duka, ki rubuto min abin da likita ya ce game da maganin da hoton kwatangwalon.